Ƙarin Sinadarin Kabon a Batirin Mota Mai Dalma da Asid: Cutar da Yake Warkarwa da Wadda Yake Tsanantawa a Ƙasa Mai Zafi

Tsakure

Tun daga tsakiyar shekarun 1990 masana'antun batir suke ƙara yawan kabon a farantin negatif na batirin mota domin ya daɗe yana aiki. Wannan takarda ta bi diddigin yadda dabarar ta faro, da bayanan masana kan yadda kabon yake aiki, da illolin da ke biyo bayansa. Ta nuna cewa kabon maganin cuta ɗaya ne tak, wato daskarewar salfet a batirin da ba ya samun cikakken caji, kuma farashin wannan magani shi ne ƙarin shan ruwa. Da yake zafi yana kashe batir ne ta hanyar cinye ragar farantin fozitif da ƙafar da ruwansa, ba za a ɗauka cewa ribar da aka samu a Japan da Turai za ta zo wa kowace mota a Kano ko Maraɗi ba. Takardar ta rarrabe motocin da kabon zai amfana da waɗanda ba zai amfana ba, ta kuma bambanta kabon da ake kwaɓawa a masana'anta da magungunan da ake zubawa ta murfin batir.

Fitilun kalmomi: batir, dalma, kabon, salfet, rabin caji, shan ruwa, zafi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1859 ne Gaston Planté, wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa, ya haɗa batir na farko da ake iya sake yi wa caji, ta hanyar tsoma fallayen dalma biyu a ruwan asid. A 1881 ɗan ƙasarsu Camille Faure ya ɓullo da dabarar shafa kwaɓin oksayid ɗin dalma a kan faranti, wadda har yau ita ake bi. Batir ya fara zama dole a mota daga 1912, lokacin da kamfanin Cadillac ya fara sa wa motocinsa kik na lantarki da Charles Kettering ya ƙera, aka huta da wana inji da hannu.

Fiye da shekara 160 ke nan, wannan batir bai bar fage ba. Yana da araha, yana iya sakin wuta mai yawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan don tayar da inji, kuma ana iya narka dalmarsa a sake sarrafa ta. Hatta yawancin motoci masu amfani da lantarki zalla suna ɗauke da ƙaramin batirin dalma mai bolt 12 don fitilu da kwamfutar mota. Babban rauninsa shi ne gajeren kwana. Daga cikin dabarun da aka gwada don magance wannan rauni, ƙarin kabon ne ya fi jan hankalin masana a shekaru talatin da suka wuce.

Manufar takardar ita ce amsa tambayoyi uku. Wace cuta ce kabon yake warkarwa? Me ake rasawa idan an ƙara shi? Shin cutar da yake warkarwa ita ce take kashe batura a yankinmu? An dogara ne ga bitar ayyukan da aka wallafa, tare da auna su da yanayin da motocinmu suke aiki a ciki.

2.0 Yadda Batir Yake Aiki da Yadda Yake Mutuwa

Batirin mota yana da sel shida, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1, jimla 12.6 idan ya cika. A kowane sel akwai farantai iri biyu. Farantin fozitif yana ɗauke da dayoksayid ɗin dalma, farantin negatif kuma yana ɗauke da tsantsar dalma mai ƙofofi. Kowanne an shafa shi ne a kan ragar dalma, wadda take riƙe kwaɓin, take kuma kai wuta. Ruwan batir haɗin asid ɗin salfa ne da ruwa, kuma kaurinsa a ma'auni yakan kai 1.27 zuwa 1.28 idan caji ya cika. Abin da ke faruwa a ciki shi ne:

Pb + PbO2 + 2H2SO4 ⇌ 2PbSO4 + 2H2O

Idan ana shan wuta, farantan biyu suna rikiɗa zuwa salfet ɗin dalma, asid ya tsinke. Idan ana caji, salfet ya koma asalinsa. Samuwar salfet, ashe, ba cuta ba ce, ita ce aikin batir. Matsala tana tasowa ne idan salfet ya ƙi komawa.

Hanyoyi uku ne suka fi kashe batirin mota, kuma duk wanda ya taɓa yanke murfin mataccen batir ya zaro farantansa zai iya bambanta su da ido.

Ta farko ita ce ciwon raga. Farantin fozitif kullum yana cikin yanayin da ke sa dalma tsatsa. A hankali ragarsa takan sirance, ta kumbura, ta karye. Idan aka ɗaga irin wannan faranti sai ya ruguje a hannu, a ga laka mai ruwan ƙasa ta taru a gindin akwatin. Wannan laka ce take haɗa farantai, ɗan riwaya ya ce sel ɗaya ya mutu.

Ta biyu ita ce ƙafewar ruwa. Idan caji ya wuce kima, wuta tana raba ruwa zuwa iskar haidurojin da oksijin, su fice. Saman farantai ya fito fili, asid ɗin da ya rage ya yi kauri, ya ƙara cin raga.

Ta uku ita ce daskarewar salfet, wadda ta fi kama farantin negatif. Lafiyayyen faranti launin toka ne mai laushi, idan aka karce shi da ƙusa sai a ga ƙyallin ƙarfe. Wanda ya kamu kuwa ya yi fari-fari, ya yi tauri, ƙusa ta riƙa ƙaras-ƙaras a kansa ba tare da ƙyalli ba. Mai mota zai ce batir ba ya shan caji, ko yana cika nan da nan ya sauka nan da nan.

Dalilin wannan tauri yana cikin girman ƙwayoyin salfet. Kafin salfet ya koma dalma, sai ya fara narkewa a ruwan batir, alhali ba ya narkewa sai kaɗan, kuma wuta ba ta bi ta cikinsa. Sabon salfet ƙwayoyinsa ƙanana ne, suna narkewa da sauri. Idan aka bar batir ba cikakken caji, ƙananan ƙwayoyin sukan narke su sake daskarewa a jikin manya, kamar yadda masanin nan na Jamus Wilhelm Ostwald ya bayyana game da ƙwayoyin sinadarai gaba ɗaya. Bambancin garin kanwa ne da dunƙulenta a cikin ruwa: nauyi ɗaya, amma gari ya narke tuni dunƙule yana nan. Bugu da ƙari, salfet ya fi dalmar da ya fito daga cikinta cin wuri fiye da ninki biyu da rabi, don haka yana toshe ƙofofin da asid yake bi ya shiga cikin faranti.

3.0 Yadda Kabon Ya Shigo Fage

Kabon ba baƙo ba ne a farantin negatif. Tun da daɗewa masana'antu suke zuba abubuwa uku a kwaɓinsa don kada dalmar ta cure ta rasa ƙofofinta: salfet ɗin bariyam, da liginin da ake samu daga itace, da baƙin kabon. Sai dai kabon ɗin ɗan kaɗan ne, kimanin kashi 0.2 cikin 100 na nauyin kwaɓin, kuma ba a ɗauke shi da wani muhimmanci ba. Ba a damu ba domin tsohon aikin batirin mota mai sauƙi ne. Ya tayar da inji, altaneta ta mayar masa da abin da ya kashe a bolt 13.8 zuwa 14.4, ya wuni a cike.

Motoci masu haɗa mai da lantarki ne suka sauya wannan tsari. A irinsu ana barin batir da gangan tsakanin kashi 30 da 70 na cajinsa, domin ya sami gurbin karɓar wutar da ake tarawa lokacin taka birki. Daga baya dokar Tarayyar Turai ta 2009, wadda ta ƙayyade matsakaicin hayaƙin sababbin motoci a giram 130 na iskar kabon a kowace kilomita, ta sa kamfanoni suka rungumi tsarin kashe-kunna, inda inji yake mutuwa a danja ya tashi da an ɗaga ƙafa daga birki. A nan ma batir ba ya cika, ga shi ana zuƙarsa ana ɗura masa wuta da ƙarfi sau da yawa a tafiya ɗaya.

Batirin gargajiya bai jure wannan ba. A 2004 Lan Lam da abokan aikinsa a hukumar bincike ta CSIRO da ke Ostireliya suka wallafa dalilin. Idan aka zuƙi wuta da ƙarfi, asid ba ya samun sukunin ratsa cikin faranti, sai salfet ya taru a fuskarsa ya yi ɓawo. Idan aka zo caji da ƙarfi, ɓawon ba ya narkewa da saurin da ake so, sai wutar ta koma raba ruwa. Faranti ya mutu alhali cikinsa cike yake da lafiyayyar dalma.

Tun kafin wannan bayani an riga an ci karo da maganin. A 1996 da 1997, Nakamura da Shiomi da abokan aikinsu a kamfanin Japan Storage Battery, wanda ya haɗe da Yuasa a 2004 suka zama GS Yuasa, sun wallafa a mujallar Journal of Power Sources cewa da suka ninka baƙin kabon har sau goma, taruwar salfet ta ragu ƙwarai, batir ya ƙara kwana. Ƙungiyar bincike ta ALABC, wadda masana'antun dalma suka kafa a 1992, ta ɗauki nauyin faɗaɗa aikin. A 2019 ta sauya suna zuwa Consortium for Battery Innovation.

Daga nan hanya ta rabu uku. Hanya ta farko ita ce kwaɓa kabon da dalma, galibi tsakanin kashi 0.5 da 2 cikin 100. Ita aka fi bi, musamman a batura masu alamar EFB da wasu masu alamar AGM da ake sa wa motocin kashe-kunna. Hanya ta biyu ita ce ta UltraBattery, wanda Lam ya ƙirƙira, kamfanin Furukawa na Japan da East Penn na Amurka suka ƙera. A cikinsa an haɗa farantin dalma da shimfiɗar kabon mai aikin babbar kafasita. An sa shi a motar Honda Insight a madadin batirinta na asali, ta cika mil 100,000 a filin gwaji na Millbrook da ke Ingila a farkon 2008 ba tare da an sauya shi ba. Hanya ta uku ita ce cire dalma daga farantin negatif baki ɗaya a sa kabon zalla, kamar yadda kamfanin Axion Power na Amurka ya yi. Batirinsa yana shan caji da sauri, amma wutar da yake ajiyewa ba ta kai ta na gargajiya ba, kuma bolt ɗinsa yana sauka yayin da ake shan wuta. Kamfanin ya durƙushe a 2018.

4.0 Bayanan Masana kan Aikin Kabon

An yi ittifaƙi cewa kabon yana aiki, amma an yi saɓani kan yadda yake aikin. Patrick Moseley da abokansa sun tattara bayanai da dama a 2006, suka sake bitarsu a 2015. Huɗu daga ciki ne suka fi ƙarfi.

Bayani na farko na masanan Japan ne. Sun ce ƙwayoyin kabon suna yin saƙa a kewayen salfet, su buɗe wa wuta hanyar isa wuraren da salfet ya killace.

Bayani na biyu ya fito ne daga Jami'ar Fasaha ta Brno a Jamhuriyar Cek. A 2006 Calábek da Micka da abokansu suka zuba garin dayoksayid ɗin taitaniyam a madadin kabon. Wannan gari ba ya ɗaukar wuta yadda kabon yake ɗauka, amma ya ba da sakamako makusanci. Suka ce ashe wani ɓangare na aikin kabon cike gurbi ne kawai: yana zama a cikin ƙofofin faranti ya hana ƙwayoyin salfet samun filin girma.

Bayani na uku na Detchko Pavlov ne na Cibiyar Kimiyya ta Bulgeriya. A 2009 ya nuna cewa dalmar da ta narke daga salfet tana iya sauka a kan kabon kamar yadda take sauka a kan dalma. Caji yana tafiya ta hanyoyi biyu a lokaci guda. Muhimmancin wannan zai fito idan aka kwatanta faɗin fuska. Giram ɗaya na dalmar farantin negatif faɗin fuskarsa bai cika wuce murabba'in mita ɗaya ba, alhali giram ɗaya na kabon mai ramuka, irin wanda ake tace ruwa da shi, yana haura murabba'in mita 1,000. Ɗan ƙarin kabon yana ninka filin da caji zai sauka.

Bayani na huɗu shi ne aikin kafasita. Fuskar kabon tana iya riƙe wuta nan take ba tare da jiran wani sinadari ya narke ba. Idan wuta ta zo da ƙarfi, kabon ya fara karɓa, sannan ya miƙa wa salfet a hankali.

Waɗannan bayanai ba kishiyoyin juna ba ne. Wanda ya rinjaya ya danganta da irin kabon da aka sa. Girafayit, irin na bakin fensir, ya fi kai wuta amma fuskarsa kaɗan ce. Kabon mai ramuka ya fi faɗin fuska. Baƙin kabon yana tsakani. Shi ya sa masana'antu da yawa suke gauraya iri biyu. Sababbin nau'o'i kamar girafin da bututun kabon na nano suna aiki da ɗan mitsitsin adadi, sai dai tsada da wahalar gaurayawa suna dabaibaye su.

Abin lura a nan shi ne dukkan bayanan huɗu a kan farantin negatif suke. Babu ko ɗaya da ya taɓa ragar farantin fozitif. Kabon da aka sa a can ma ba ya daɗewa, domin yanayin wurin yana ƙone shi ya zama iska.

5.0 Abin da Ake Rasawa

A ƙa'idar kimiyya, bolt 1.23 ya isa ya raba ruwa. Sel ɗin batir yana zaune a bolt 2.1, ana kuma yi masa caji a kusan 2.4. Abin da ya hana ruwansa ƙarewa cikin kwanaki shi ne haidurojin yana da nawar fita daga fuskar dalma. A kan wannan nawa aka gina batirin gaba ɗaya. Shi ya sa masana'antu suka yi ta rage antimoni, wanda yake sa haidurojin saurin fita, a raga, har suka koma ga kalsiyam a shekarun 1970, aka sami batirin da ba a ƙara wa ruwa.

A fuskar kabon kuwa haidurojin ya fi saurin fita, kuma faɗin fuskar da ya taimaki caji shi ne yake taimakon raba ruwa. Idan kabon ɗin yana da gurɓin ƙarfe ko nikel, abin ya ƙara muni. Akwai kuma sarƙaƙiya ta biyu: ƙarin wutar da farantin negatif yake zuƙa bayan ya cika dole ta bi ta farantin fozitif, ta matsa masa, ragarsa ta ƙara ciwo. An gudu ba a tsira ba ke nan idan batirin dama ciwon raga ne zai kashe shi.

Akwai wasu ƙananan illoli. Kabon mai faɗin fuska yana tsotse liginin, wanda hakan ke rage ƙarfin tayar da inji a sanyi. Yana sa kwaɓi ya sha ruwa da yawa ya rasa nauyi, kuma idan ya yi yawa faranti ba ya haɗa jiki.

Masana suna ƙoƙarin daƙile fitar haidurojin ta hanyar tace kabon sosai, ko lulluɓe shi da dalma, ko ƙara oksayid ɗin bismut, indiyam ko zinki. Akwai kuma muhawara kan awon kansa. Gwajin shan ruwa na ƙa'idar Turai ta EN 50342 yana riƙe batir a bolt 14.4 da zafin digiri 60 na makonni ba hutawa. Wasu injiniyoyin kamfanonin motoci a Turai suna ganin wannan gwaji yana zuzuta laifin kabon, domin motar zamani ba ta barin batir a cikakken caji haka. Hujjarsu tana da ƙarfi game da motocinsu. Sai dai tsohuwar mota mai altaneta ta gargajiya, wadda take doguwar tafiya cikin rana, yanayinta ya fi kusa da na gwajin.

6.0 Maganin da Ake Zubawa ta Murfi

Duk nasarorin da aka ambata na kabon ne da aka kwaɓa da dalma a masana'anta, aka gasa faranti da shi a ciki. Wannan daban yake da ruwa ko garin da ake tallatawa cewa yana farfaɗo da mataccen batir.

Irin wannan talla ta daɗe. A Amurka wani ɗan kasuwa mai suna Jess Ritchie ya sayar da maganin batir mai suna AD-X2, wanda aka gano haɗin salfet ɗin sodiyam ne da na magnesiyam. Hukumar awo ta ƙasar ta gwada ta ce ba shi da amfani. Matsin siyasa ya sa aka tilasta wa shugabanta, Allen Astin, ajiye aiki a 1953. Masana kimiyya suka yi ca, aka mayar da shi, kuma kwamitin Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ya gaskata hukumar a wannan shekara.

Game da kabon kansa, Akiya Kozawa da abokansa sun wallafa a 1999 cewa wani ruwan kabon mai matuƙar laushi, wanda aka haɗa da sinadarin da ke hana shi kwanciya, ya taimaka wa batura. Duk da haka masana'antu ba su bi wannan hanya ba, suka tsaya kan kwaɓi. Dalilin a fili yake. Abin da aka zuba ta murfi iyakarsa fuskar faranti. Ba ya ɗinke ragar da ta karye, ba ya mayar da lakar da ta zube. Dakakken gawayin girki kuwa ƙwayoyinsa manya ne, yana ɗauke da toka da gurɓin ƙarfe, kuma idan ya kwanta a gindi yana iya haɗa farantai.

Haka nan al'adar zubar da tsohon ruwan batir a ɗura sabon asid gyaran gangar Abzinawa ce. Asid ɗin da ake ganin ya tsinke bai ɓata ba, yana ɗaure ne a cikin salfet ɗin faranti. Sabon asid zai ɗaga awo na ɗan lokaci, amma salfet ya fi wuyar narkewa a asid mai kauri, raga kuma ta fi saurin ci. Abin da batir yake rasawa ruwa ne, don haka tataccen ruwa kaɗai ake ƙara masa.

7.0 Auna Batun da Yanayinmu

Ƙa'idar da masu batir suke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba kwanan batir biyu. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin inuwa yana haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kafin a zo ga na ƙarƙashin bonet. Zafi yana gaggauta ciwon raga da ƙafewar ruwa, wato cututtuka biyun da kabon ba ya warkarwa. Damuwar Turawa game da tayar da inji a sanyi kuwa ba tamu ba ce. Amma ba duk motoci ne aikinsu ɗaya ba, kuma za a iya kasa su uku.

Rukuni na farko motocin doguwar hanya ne: tireloli, tankoki da bas-bas masu zirga-zirga tsakanin Kano da Legas ko Maiduguri. Batirinsu kullum a cike yake, kullum cikin zafi. Salfet ba ya samun damar daskarewa. Abin da suke buƙata shi ne raga mai kauri, da wadataccen ruwa, da altanetar da ba ta wuce kima. Ƙarin kabon a nan ribarsa kaɗan ce, yana iya zama hasara.

Rukuni na biyu motocin cikin gari ne. Tafiyarsu gajera ce, ana yawan kashewa da kunnawa, ga fanka da fitilu da cajin waya. Tun bayan cire tallafin mai a Nijeriya a watan Mayun 2023, masu motoci da dama sukan ajiye mota kwanaki ba a tayar ba, kuma batir ya fi saurin zubar da cajinsa a zafi ko ba a taɓa shi ba. Wannan shi ne zaman rabin caji da kabon yake magani. A nan kuma akwai motocin Beljiyam masu tsarin kashe-kunna. Idan batirinsu na asali ya mutu aka sa na gargajiya don araha, ba ya kai ko'ina.

Rukuni na uku ba motoci ba ne, batiran mota ne da aka mayar na sola da inbata a gidaje da shagunan cajin waya. Ana zuƙe su kowane dare, kuma a damina da lokacin hazo ba sa cika. A nan ne batir mai kabon, wanda aka ƙera don wannan aiki, ya fi nuna bambanci.

Tsawon kwanan batir ya wuce maganar aljihu. Fiye da kashi uku cikin huɗu na dalmar da duniya take amfani da ita a batir take ƙarewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da za a kira marar illa. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sanadin fasa tsofaffin batura a cikin unguwa. Duk batirin da ya ninka kwanansa ya rage wanda za a fasa a bayan gari.

Akwai kuma damar samar da kabon ɗin a gida. Masana a Jami'ar Jilin ta ƙasar Sin sun sarrafa ɓuntun shinkafa ya zama kabon mai ramuka, suka gwada shi a farantin negatif. Ɓuntu yana ɗauke da silika mai yawa, wadda idan aka wanke ta da sinadari take barin ƙofofi. Ga shi jibge a bakin injinan casa a Kura da Haɗeja da Argungu. Sharaɗin shi ne tsabta, domin kabon mai gurɓin ƙarfe zai shanye ruwan batir kafin ya yi wani amfani.

8.0 Shawarwari

Na farko, a fara da binciken gawar batir. Sassan kimiyyar sinadarai da na injiniya a jami'o'inmu, tare da cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, su tattara matattun batura daga masu riwaya da 'yan gwangwan, su rubuta irin motar da kowanne ya fito, su yanke su cikin kariya, su ƙidaya nawa ciwon raga ya kashe, nawa ƙafewa, nawa salfet. Aikin ba ya buƙatar na'urori masu tsada, kuma a kansa sauran matakai za su dogara.

Na biyu, duk gwajin kabon da za a yi a nan ya auna abubuwa biyu tare: saurin shan caji da yawan ruwan da aka rasa, a zafin da bai gaza digiri 60 ba. Ƙa'idar SAE J2801 ta Amurka, wadda take gwada batir a digiri 75, ta fi dacewa da mu fiye da gwajin sanyi.

Na uku, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Nijeriya, SON, ta wajabta wa masu shigo da batir bayyana nau'insa da matakin shan ruwansa a jikin akwati, ta kuma nemi shaidar gwaji daga duk mai tallan maganin batir. Hukumar kula da dokokin muhalli, NESREA, ta ƙarfafa karɓar tsofaffin batura daga hannun jama'a zuwa masana'antun narkawa masu lasisi.

Na huɗu, ƙungiyoyin masu riwaya su koyar da mambobinsu auna bolt ɗin altaneta da kaurin ruwan kowane sel kafin a yanke wa batir hukunci, su kuma daina sauya asid.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa ƙarin kabon ci gaba ne na gaske, wanda gwaje-gwaje daga Japan, Ostireliya, Bulgeriya da Cek suka tabbatar. Yana hana salfet daskarewa a farantin negatif, yana sa batir ya sha caji da sauri, amma yana ƙara shan ruwa, kuma ba ya kare ragar farantin fozitif. Saboda haka ya dace da motar cikin gari, da motar kashe-kunna, da batirin sola. Motar doguwar hanya a ƙasa mai zafi ta fi buƙatar raga mai kauri da kula da ruwa. Kabon yana aiki ne idan an kwaɓa shi a masana'anta, ba idan an zuba shi ta murfi ba. Adadin da zai dace da yankinmu kuwa sai an yanke matattun baturanmu an ƙidaya abin da ya kashe su, sannan a gwada kowane haɗi a zafin watan Afrilu.